Tuwon Dare a Kan Kwara: Tarihin Zaman Cin Abinci a Tafiyar Ruwa

Zaman cin abincin dare a tafiyar ruwa iri biyu ne. Akwai wanda ake yanke wa matafiyi lokaci da wurin zama da abokan ci, shi nasa bi ne kawai. Akwai kuma wanda ake barinsa ya ci sa'ad da ya ga dama, tare da wanda ransa ya kwanta da shi. Manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa da ke zagaya tekunan Turai da Amurka suna ajiye wa fasinja waɗannan hanyoyi biyu tun ranar da zai biya kuɗin tafiya, su ce ya ɗauki ɗaya. Mutanen bakin Kwara, daga Lolo da Illo zuwa Bagudo har Yawuri, sun daɗe da sanin hanyoyin nan, sai dai su ba zaɓa suke yi ba. Yawan murhu da tsawon tafiya da halin ruwa ne suke zaɓar musu.

Kogin Kwara yana raba ƙasar Benin da ta Nijar, ya ratsa tsakanin Malanville da Gaya, sannan ya faɗo Najeriya ta wajen Dole Kaina da Lolo. Daga nan ya bi ta ƙasar Bagudo, ya karɓi ruwan Gulbin Kabi, ya miƙa Yawuri. A wannan yanki kogin yana da faɗi, ga tsibirai, ga fadamu na shinkafa. Yana cika sau biyu a shekara: da damina saboda ruwan saman da aka yi kusa, sai kuma da sanyin hunturu lokacin da ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini ya iso bayan ya yi watanni a hanya. Wannan cika ta biyu ita ce ta sa ake iya tuƙa manyan jirage har cikin rani. Mazauna bakin ruwan kuwa gauraye suke: Sarkawa masunta, Dandawa, Kyangawa, Zabarmawa, Busawan Illo, Fulanin Ka'oje, Gungawan tsibiran Yawuri, da Hausawan da kasuwanci ko noma ya kawo.

Kafin zuwan Turawa, wannan yanki mararraba ce ta hanyoyi biyu. Ɗaya hanyar ruwa ce, mai bin kogi sama da ƙasa da gishirin Foga da bandar kifi da hatsi. Ɗaya kuma hanyar fatake ce ta Gwanja, wadda ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, ta biyo ta Jega, ta ƙetare Kwara a mafitai irin na Illo da Gaya, ta shiga ƙasar Bargu ta nufi Jugu da Sansanin Mango har Salaga, inda ake saro goro. Ayari guda kan kai mutum ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da takarkarai. Fito da irin wannan taro ba aikin yini ɗaya ba ne. Jirage ƙalilan ne, sai an yi ta sawu, ga cinikin kuɗin fito da sarkin jirgi, ga garamar da sarkin gari zai karɓa. Saboda haka kowace mafita tana da zango a gefenta, kuma a zangon nan ne tsarin cin abincin matafiya ya fi fitowa fili.

Ayari ba ya cin abinci a tukunya ɗaya. Yana kasuwa ne gida-gida: kowane falke mai dukiya yana da nasa murhu, da matansa ko bayinsa mata masu daka da girki, da yaransa masu kora jakuna. Madugu ne ke faɗin lokacin sauka, yawanci kafin rana ta yi zafi sosai, domin dabbobi su sami kiwo. Daga nan komai ya bi layi: a sauke kaya, a kafa bukkoki, a nemo ruwa da itace, a fara daka. Tuwo ba ya nuna sai wajen magariba. Ba wanda ya rubuta doka cewa ga lokacin cin tuwo, amma turmi da taɓarya sun riga sun yanke shi. Wanda ya tafi yawo cikin gari ya dawo bayan lisha, sai ya tarar da ƙanzo.

A cikin jirgi lamarin ya fi haka tsanani, domin wuri ya yi kaɗan kuma wuta abar tsoro ce. Babban jirgin katako mai dogon zango yana da murhu ɗaya tak. Murhun na yumɓu ne, ko kuwa a zuba yashi mai kauri a ƙasan jirgin a ɗora duwatsu uku a kai, domin kada garwashi ya taɓa katako. Wurinsa kusa da tsakiya ne, inda ake kwarfar ruwan da ya tsiyayo, ba kusa da rumfar tabarmi da buhunan kaya ba. Mutum ɗaya ne ke kula da shi, matar mai jirgi ko ƙaramin yaronsa. Tukunya ɗaya ce, sai a dafa shinkafa ko a tuƙa tuwo a sauke, sannan a ɗora miya, yawanci ta kifin da aka saya hannun wani Basarke a hanya. Idan iska ta taso jirgi ya fara tangaɗi, wuta ake fara kashewa. A irin wannan hali ba a maganar kowa ya ci lokacin da ya so. Wuta sau ɗaya ake hurawa da yamma, kuma matuƙan da suka yini suna dannan gora ba su da hannun cin abinci sai an ɗaure jirgi.

Ɗaure jirgin ma da lokacinsa. Tafiyar dare a Kwara kasada ce: ga dorina, ga kututturan da ruwa ya ɓoye, ga yashin da ke canza wuri kowace shekara. Rana na yin ja sai mai jirgi ya fara laluben tudun yashi ko bakin wata tunga da ya sani. A ɗaure, a yi alwala a bakin ruwa, a yi magariba cikin jam'i, sannan a fito da akusa. Wato salla da abinci da hutun matuƙa duk sun haɗu a lokaci ɗaya, kuma wannan haɗuwar ce ta ba tuwon dare nauyin da kalaci da abincin rana ba su da shi.

Wurin zama kuwa ba a raba shi da takarda, amma kowa ya san nasa. Maza daban, mata da ƙananan yara daban. Cikin mazan ma, dattawa da malamai da masu manyan kaya suna akushi ɗaya da mai jirgi, samari suna nasu, matuƙa suna nasu a can gefe kusa da jirgin. Mutum huɗu zuwa shida ne ke zagaye akushi, kowa ya ci gabansa. Yaro ba ya riga babba sa hannu, ba ya taɓa kifi sai an tura masa. Wanda ya zauna a wani akushi daren farko, nan zai zauna har ƙarshen tafiya, domin tashi ya koma wani tamkar ya ce ya ga wani aibu ne ga abokan cinsa. Wannan tsari ba a kan ruwa aka ƙirƙiro shi ba. Ciyayya ce irin ta ƙofar gida, wadda maƙwabta ke fito da kwanukansu bayan magariba su haɗa, aka ɗauko ta aka kai tudun yashi.

Amfaninta a tafiya ya wuce cika ciki. Baƙon da ya shiga jirgi a Gaya ba wanda ya san asalinsa, amma bayan dare uku a akushi ɗaya an san garinsu, an san abin da ya ɗauko, an ga yadda yake cin rabonsa, ko mai haɗama ne ko mai kunya. Hausawa na cewa da abokin daka akan sha gari, kuma a bakin Kwara abokin ci shi ake bar wa kaya a shiga kasuwa, shi ke tsayawa shaida in rigima ta taso a mafita, shi ke kai labari gida in ajali ya riski mutum a hanya. Ƙin amsa gayyata ma da ladabinsa. In aka ce, "Malam, bismilla," wanda ya ƙoshi zai ce, "Alhamdu lillahi, a ci lafiya," ko ya ɗan sa hannu ya yi loma biyu don kada ya kunyata mai kira. Wanda kullum yake juya baya ya buɗe jakarsa shi kaɗai, ba a hana shi, amma ana lura da shi.

Wannan ba ya nufin babu cin ganin dama a tsohuwar tafiya. Akwai shi, sai dai na rana ne. Kowane matafiyi yana da guzuri a burgami ko a ƙullin zane: gumba, dakuwa, ƙuli-ƙuli, kilishi ga mai hali, busasshen kifi, daga baya kuma garin rogo da ya shigo daga kudu. Waɗannan ba su buƙatar wuta, ba su buƙatar jiran kowa. Mutum ya dama gumbarsa da hantsi ko da azahar, ya miƙa wa na kusa da shi ludayi, shi ke nan. A manyan mafitai kuma akwai mata masu tallan fura da nono da tuwon sayarwa, wanda ke da wuri a aljihu yana iya cin dafaffen abinci ba tare da jiran tukunyar jirgi ba. Tun a wancan zamani, 'yancin cin abinci a lokacin da aka so saye ake yi, kuma mai kuɗi ne ya fi samunsa.

Baturen farko da ya bi wannan ruwa ya zo da akasin al'adar gaba ɗaya. Mungo Park ya taso daga Sansanding a ƙasar Mali ta yau cikin watan Nuwamba na 1805, a wani jirgi da ya harhaɗa daga kwale-kwale. Ya cika shi da guzuri da niyyar kada ya sauka ko'ina, kuma ya yi ta ƙin tsayawa inda masu iko da ruwa ke jiran a tsaya a biya su. Sakamakon haka ya yi ta faɗa a hanya. Ya wuce ta gaban ƙasar Illo, ya kai Yawuri inda jagoransa Amadi Fatuma ya rabu da shi, ya mutu a duwatsun Busa a farkon 1806. Dalilan mutuwarsa da yawa, amma ga mutanen kogi jirgin da ba ya kwana a bakin kowa, ba ya cin abincin kowa, abin zargi ne tun kafin a ji ƙarar bindiga.

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta tsaga ƙasar Bargu biyu. Illo da Busa da Kaiama suka faɗa hannun Ingila, Nikki da Kandi suka koma na Faransa, iyakar da ke tsakanin Bagudo da Benin a yau ke nan. Da mulkin Turawa wani sabon zama ya bayyana a kogin: jirgin rangadi mai rumfa, matuƙa na danna gora, kuku yana girki a baya, jami'i yana zaune shi kaɗai a kan tebur da fitila da cokali mai yatsu. Lokacinsa a yanke yake da agogo, amma ba abokin ci. Jiragen hayaƙi masu ɗakin cin abinci ba su taɓa zama abin yau da kullum a wannan yanki ba, domin duwatsun Busa sun tare hanya, harkarsu ta tsaya daga Jebba zuwa ƙasa.

Inda Hausawa suka yi ido huɗu da tsarin jirgin hayaƙi shi ne a teku, kuma goro ne ya kai su. Bayan Ingila ta ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasa ya rusa Salaga a 1892, cinikin goro ya fara karkata zuwa gaɓar teku. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai ya zama an fi samun sauƙi a loda goro a tashoshin Gwalkwas, a kawo shi Ikko ta ruwa, a hau da shi arewa ta dogo. Mafitan Illo da Gaya suka rage cika. Fataken da suka koma wannan hanya suna shiga jiragen kamfanin Elder Dempster na Liverpool, yawancinsu a matsayin fasinjan fili, masu kwana a sarari kusa da huhunan goronsu. Su ke riƙe da guzurinsu da tabarmarsu da butarsu. A saman bene kuwa, fasinjan ɗaki suna jiran ƙararrawa, kowa da teburinsa da kujerarsa da ma'aikacin da ke kawo masa abinci, manyan baƙi kuma a gayyace su teburin kyaftin. Wannan tsari ya ci gaba har zamanin jiragen Accra da Apapa da Aureol, waɗanda suka yi ta jigilar ma'aikata da ɗalibai tsakanin Ikko da Ingila a tafiyar kusan mako biyu. Aureol, wanda ya fara aiki a 1951, shi ya rufe wannan babi a 1974, bayan jirgin sama ya kwashe fasinjoji.

Dalilin ƙayyade lokaci a waɗannan manyan jirage bai bambanta da na murhun yumɓu ba, girma ne kawai ya fi. Kicin ɗaya ne, ɗakin ci ba ya ɗaukar kowa a zama guda, saboda haka a raba mutane kashi biyu, na farko da na biyu, kuku ya san adadin farantan da zai fitar a kowane zama. Wanda ya fara fasa wannan tsari kamfanin Jamus ne na Hamburg, ƙarƙashin Albert Ballin, mutumin da ya sa aka gina Prinzessin Victoria Luise a 1900, jirgin farko da aka ƙera musamman don yawon shaƙatawa. A 1905 kamfanin ya buɗe wani gidan abinci na daban a cikin jirginsa Amerika, inda fasinja zai shiga lokacin da ya so, ya zaɓi abin da zai ci, ya biya kuɗi na musamman. Titanic ma a 1912 yana da irinsa, na 'yan aji na ɗaya kaɗai, alhali 'yan aji na uku suna shiga ɗakin cinsu rukuni-rukuni a kan dogayen tebura. A saman Kwara ma an ga irin wannan rabo: jiragen fasinja na ƙasar Mali da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Kulikoro da Gao lokacin cikar ruwa sun riƙa ciyar da masu ɗaki a kan lokaci, 'yan fili kuwa su girka nasu ko su saya a tashoshi.

A ƙasar Bagudo, abin da ya sassauta tuwon tudun yashi ba dabarar wani kamfani ba ce. Inji ne da gada da kwalta. An gina gadar da ta haɗa Gaya da Malanville a 1958. Madatsar Kainji ta kammala a 1968, ta nutsar da duwatsun Busa da tsohon garin, ta canza yanayin ruwa har Yawuri. Gadar Tuga ta ba motoci damar ƙetarewa zuwa Ka'oje da Tsamiya, su shiga Benin ta Segbana. Injin da ake ɗaura wa jirgi a baya ya mayar da tafiyar kwanaki ta zama ta sa'o'i. Tafiyar da ba a kwana a cikinta ba ta buƙatar murhu, ballantana ga jarkokin man fetur a jibge cikin jirgi, wuta ta zama abin gudu fiye da dā. Fasinjan jirgin kasuwa a yau yana cin abin da ya saya a bakin ruwa: shinkafa da wake a leda, soyayyen kifi, burodi da shayi, ko atceke da doguwar biredin Faransa in a ɓangaren Malanville ne. Kowa da lokacinsa, kowa da ledarsa. "Bismilla" dai ba ta mutu ba, har yanzu da wuya mutum ya buɗe abinci bai faɗe ta ga na kusa da shi ba, amma ta fi zama gaisuwa fiye da gayyata. Tsohon tsarin ya saura ne wurin waɗanda har yanzu suke kwana a kan ruwa: ma'aikatan manyan jiragen kaya, da Sarkawa masu ƙaura zuwa sansanin su na wata da watanni da iyalansu da murhunsu.

Jiragen shaƙatawa sun biyo wannan hanya a makare. Har ƙarshen ƙarni na 20 yawancinsu suna kan zama biyu, ɗaya wajen ƙarfe 6 na yamma, ɗaya bayan ƙarfe 8. A shekarar 2000 kamfanin Norwegian Cruise Line ya soke wannan ƙa'ida a jiragensa da tsarin da ya kira Freestyle Cruising, ya yawaita gidajen abinci a cikin jirgi ɗaya, ya bar fasinja ya shiga inda ya so. Sauran manyan kamfanoni suka bi sahu, amma yawancinsu ba su yar da tsohon tsarin ba, sai suka ajiye biyun tare. Abin lura shi ne ba a iya ba da wannan 'yanci ba sai da aka ƙara yawan kicin da kujeru.

Kowanne daga cikin biyun yana da ribarsa da wahalarsa, kuma ba su yi nisa da na bakin Kwara ba. Mai tebur na dindindin ba ya bin layi. Ma'aikaci ɗaya ne ke hidimarsa kowane dare, kwana biyu ya isa ya san cewa wannan ba ya cin naman alade, ba a kawo masa giya, wancan kuma likita ya hana shi gishiri. Ga Musulmi mai neman halal wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin ba sai ya yi ta maimaita bayani ga sabuwar fuska kullum ba. Iyali mai yawa ma sun fi samun zama wuri ɗaya. Wahalarsa ita ce agogo ba ya jira: wanda ya sauka yawo a gari ya dawo a makare ya rasa zamansa, kuma in aka haɗa mutum da abokan tebur da jininsu bai haɗu ba, sai ya nemi shugaban ɗakin ya canza masa. Akwai kuma matsalar da kamfanonin ba su yi lissafinta ba, wato magariba tana matsawa yayin da jirgi ke canza wuri, har zaman ƙarfe 6 ya iya faɗawa daidai lokacin salla, ko ya riga buɗa-baki ga mai azumi. Mai cin ganin dama ya tsira daga wannan, yana iya yin sallarsa a natse ya shigo daga baya. Abin da zai biya shi ne jira a ƙofa idan ya zo lokacin da kowa ke zuwa, wajen ƙarfe 7, sai fa in ya kama wuri tun da rana ta waya, wanda kuma komawa ce ga ƙayyadadden lokacin da ya guda.

Tsawon tafiya shi ne ma'aunin da ya fi dacewa. A tafiyar kwana uku ko huɗu da jirgi ke tsayawa a sabon gari kullum, tebur na dindindin ɗawainiya ce kawai, domin kafin a saba an rabu. A tafiyar mako biyu ko fiye, musamman mai yawan kwanaki a tsakiyar teku, shi ya fi, kuma jiragen da ke irin wannan dogon zango su ne suka fi riƙe shi har yau.